Ruwan da Ya Ƙi Sauka

Da la'asar sakaliya Musaddiq ya fito daga gidansa na Fadaman Mada, da ƙaramin kan bututu na tagulla a aljihu. Abokin aikinsa Paul ne ya kira shi, ya ce ɗaya daga cikin kawunan da ke fesa ruwa ya tsage, a kawo wani kafin su yi gwajin ƙarshe. Aiki ne na a ɗaura a tafi. Ya ce wa matarsa Habibatu a gida zai yi isha'i, ya tari keke ya ce Gwallameji.

Musaddiq injiniyan ruwa ne. Ya daɗe yana haƙa burtsatse da gyaran famfunan gidaje, har wani attajiri ya sayi fili a bayan sababbin gine-ginen Gwallameji, ya ce zai gina wurin wasa irin na manyan birane, ya sa masa suna Lambun Annashuwa. An kawo lilo, da jirgin ƙasa na yara, da dawakan roba masu zagaye. Musaddiq ya ce wa mai wurin, a gari mai zafi irin Bauchi ba ƙarfe ne zai zaunar da mutane ba, ruwa ne. Aka ce to ya zana.

Ya zana kuwa. A bakin ƙofa ya yi bango wanda ruwa ke gangarowa a jikinsa, don ƙararsa ta danne rurin janareta. Daga nan ya ja siririyar korama ta siminti, zurfinta iya idon sawu, tana bin gefen hanya don yara su tsoma ƙafa. A tsakiya ya yi babban kwarmi mai da'ira, aka shimfiɗa masa shuɗin tayil, aka dasa kawunan tagulla zagaye bayan zagaye, kowanne da fitila a gindinsa. Idan aka kunna kiɗa, ruwan zai tashi ya sauka daidai da bugun kalangu. Tun ba a buɗe wurin ba, 'yan unguwa sun raɗa masa suna: ruwa mai rawa.

Paul shi ya haɗa wuta da fitilu da lasifika. Mutumin Bogoro ne, ajinsu ɗaya a makaranta. Duk Kirsimeti sai matarsa Roda ta aiko wa gidan Musaddiq da shinkafa, duk layya kuma sai an kai musu cinya.

Filin da can kududdufi ne da ake ɗibar ƙasar bulo, ba ya ƙafewa ko da rani. Kowa ya san haka, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Tifa-tifa na jar ƙasa aka zuba aka cike shi. Ranar da aka haƙa burtsatse ba a yi nisa ba ruwa ya taso, mai sanyi har haƙora na amsawa. Musaddiq ya yi murna ranar.

Da ya isa, leburori sun tashi. Maigadi ya tafi masallacin bakin titi. Rana ta yi ja a bayan dutse, iska ba ta motsi, sai ƙamshin sabon fenti da na ɗanyen siminti. Dawakan roba suna tsaye da haƙoransu a waje, ba a ma cire musu leda ba.

Ya sami Paul a tsugune a bakin kwarmin, ya zuba wa ruwan ido.

"Injiniya, zo ka ga wani abu," in ji Paul. "Tun rana na kashe burtsatse. Dubi inda ruwa ya kai."

Akwai layin farin tayil da suka sa don alamar cika. Ruwan ya haura shi da kamar faɗin hannu.

"Wataƙila wani bututu ne ke yoyo daga tanki," Musaddiq ya ce.

"Tanki babu ko ɗigo. Na hau na duba."

Musaddiq ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya sansana. Da safe shi da kansa ya zuba sinadarin tsabtace ruwa, warinsa har yana hawa kai. Yanzu babu shi. Sai wani ƙamshi kamar na sabuwar randa, da wani abu a ƙarƙashinsa, kamar lallen da ya kwana a jiƙe.

Ya yarfe hannunsa. "Mu gwada mu tafi. Gobe da safe na bi layin."

Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ya ɗaura sabon kan. Sanyin ya kama shi har cikin ƙashi. Ya fito da sauri. Paul ya tayar da janareta, ya danna maɓalli a kwamfuta.

Kalangu ya fara. Ruwan ya tashi.

Ko a mafarki Musaddiq bai zaci zai yi kyau haka ba. Zagayen waje ya miƙe ya rusuna kamar 'yan mata a dandali. Na ciki ya bi bayansa. Na tsakiya ya harba sama, ya fi falwayar wuta tsawo, fitila ta rina shi ja, ta mai da shi kore, ta mai da shi shuɗi. Paul ya yi dariya ya doki kafaɗarsa.

"Ranar Sallah garin nan zai haukace!"

Sai janareta ya yi tari ya mutu.

Kiɗa ya yanke. Fitilu suka ɗauke. Musaddiq ya tsaya yana jiran ƙarar da ya sani, ƙarar ruwa idan ya faɗo kan ruwa.

Ba ta zo ba.

Ginshiƙan ruwan suna nan tsaye yadda kiɗa ya bar su. Wasu a miƙe, wasu a karkace. Ba sa fesawa, ba sa ɗiga. Jan hasken yamma yana ratsa su.

Daga nesa aka fara kiran magariba. Muryar ladanin ta zo a shaƙe, kamar an kifa mata ƙwarya.

"Ƙarfin iska ne ya saura a bututu," Paul ya ce a hankali. Bai kalli Musaddiq ba.

"Iska ba ta yin haka."

"Na sani."

Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maina ta bakin katanga sun yi tsit.

"Mu tafi, Paul."

"Bari na rufe babban famfo tukuna. In ruwa ya taɓa wayoyin nan, duk aikinmu ya ƙone."

Ɗakin injinan yana ƙarƙashin ƙasa, dab da kwarmin, da murfin ƙarfe da tsani. Paul ya ɗaga murfin. Wani sanyi ya huro daga ciki, da ƙamshin nan na lalle, yanzu ya fi ƙarfi. Ya sa tocila a baki ya sauka. Musaddiq ya durƙusa a bakin ramin yana haska masa da waya.

Ya ji takun Paul a kan siminti. Ya ji ya tsaya.

"Injiniya."

"Na'am."

"Injinan sun yi sanyi."

"Yanzu fa suka tsaya."

"Ba su yi aiki ba sam. Taɓa ka ji, kamar ƙanƙara. Ba su ne suka tura ruwan ba."

Musaddiq ya ƙara sunkuyawa cikin ramin.

"Fito."

"Tsaya. Bangon nan yana zufa."

"Paul, fito!"

A bayansa wani abu ya yi ƙara. Tas. Kamar an tafa hannu a jiƙe.

Tas. Tas-tas.

Bugun kalangun ɗazu ne. Amma lasifika a mace take.

Bai so ya waiwaya ba. Wuyansa ne ya juya da kansa.

Ginshiƙan ruwan sun bar kan bututunsu. Kawunan tagulla suna nan a fili, babu abin da ke fita daga cikinsu. Ruwan kuwa yana tsaye a gefe, dogo-dogo, ya yi kafaɗu, ya yi kai, kamar mata masu lulluɓi da ba su da fuska. Suna zagaya kwarmin a jere. Suna rusunawa, suna miƙewa, daidai yadda ya tsara a kwamfuta. Ba su kuskure ko taku ɗaya ba.

Na tsakiyan nan mai tsawo bai shiga rawar ba. Ya sunkuyo. A hankali, daga can sama, har kansa ya zo daidai da fuskar Musaddiq.

Ya ga kansa a ciki, a juye.

Sai ya ji wata murya, amma ba daga sama ta fito ba. Daga sabon kan tagullar da ya ɗaura ta fito, siririya, kamar ana zuba ruwa a kwalba.

"Kai ne ka ce mu yi rawa?"

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Harshensa ya yi nauyi.

"An rufe mana ɗaki da ƙasa, mun yi shiru. An huda mana rufi, mun yi shiru." Muryar ta ɗan dakata. "Sai kuma a kira gari a zo a kalle mu?"

Daga cikin ramin Paul ya yi ihu.

Musaddiq ya juya ya haska. Ruwa yana fitowa ta bango, ta ƙasa, ta tsakanin bulo, ba ƙara. Ya kai wa Paul ƙugu. Kafin ya kama tsani ya kai masa ƙirji. Tocilar ta faɗi, tana ci a ƙarƙashin ruwa, tana nutsewa, tana ta nutsewa, ta wuce inda simintin ƙasa ya kamata ya tare ta.

Musaddiq ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu. Paul ya cafke.

"Ja ni!"

Ya ja. Kamar yana jan ginin gaba ɗaya.

"Sun riƙe ƙafata," Paul ya ce. Yanzu ba ihu yake ba, raɗa yake. "Musaddiq, akwai mutane a nan ƙasa. Da yawa."

"Kada ka duba. Dube ni."

"Yesu. Yesu, ka taimake ni."

Ruwan ya kai haɓa.

"Kada ka sake ni."

"Wallahi ba zan sake ka ba."

Ruwan ya rufe bakin Paul. Ya rufe hancinsa. Idanunsa a buɗe suke a ƙarƙashi, suna kallon Musaddiq.

Bai sake shi ba. Har gobe yana rantsuwa bai sake shi ba. Yana riƙe da wuyan hannun, yana jin ƙashi, yana jin agogo. Sai hannun ya yi laushi. Sai ya yi sanyi. Sai ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa.

Ya damƙi ruwa.

Wani abu ya shafi bayan wuyansa, a jiƙe, da yatsu.

Ya zabura. Ya bar takalmi, ya bar waya. Hanyar ƙofa ɗaya ce, kuma sai an tsallaka koramar yara. Shi ya auna ta da hannunsa, iya idon sawu ce. Ya taka.

Ya nutse har wuya.

Babu ƙasa. Sanyi ya matse masa ƙirji. Ana jan rigarsa, ana jan wandonsa, ba da fushi ba, a hankali, yadda uwa ke jan yaro zuwa wanka.

Tas. Tas-tas.

Ya fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Ya kai tsakiya ya manta. Ya sake farawa.

Hannunsa ya doki ƙarfe. Dogon layin jirgin yara ne da ya bi ta gefen koramar. Ya rungume shi. Ya ja jikinsa, fatar cikinsa tana gogar siminti. Rigar ta yage ta tafi.

Ya rarrafa. Ya tashi. Ya faɗi. Ya tashi.

A bakin ƙofa, bangon nan na ruwa yana gudana. Daga ƙasa zuwa sama.

Bai tsaya ba sai a kan kwalta. Nan masu fitowa daga masallaci suka same shi, ba riga, yana amayar da ruwa mai ƙamshin lalle, yana nuna katanga yana kiran sunan Paul.

Maigadi da wasu maza suka shiga da fitilu. Kwarmin yana kwance lumui, ruwan daidai kan farin layi. Koramar yara ko ƙaurinsu ba ta jiƙa ba. Suka leƙa ɗakin injina. A bushe yake ƙayau, har da ƙurar siminti a ƙasa, da sawun takalmin Paul da ya shiga. Babu sawun fita.

'Yan sanda sun riƙe Musaddiq, sun yi ta tambayarsa abu ɗaya, yana ba su amsa ɗaya. An zuƙe kwarmin, an leƙa tanki, an zura ƙugiya a burtsatse. Da ba a sami komai ba aka sake shi, aka rubuta cewa Paul ya ɓata. Wasu suka ce gudu ya yi ya bar iyali.

Musaddiq ya je gidan mai wurin a GRA. Ya durƙusa a kan kafet, babba da shi, ya roƙe shi ya toshe burtsatsen, ya cike kwarmin da ƙasa, ya bar wa yara lilo da dawaki. Alhajin ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba. Ya ce ya ji, Allah ya ba shi lafiya, ya sa direba ya mai da shi gida. Washegari aka kawo wani injiniya daga Kaduna. Ya duba komai ya ce aiki ya yi kyau, babu abin gyara.

An yi wa Musaddiq ruƙiyya, an yi masa rubutu. Rubutun ma sai da aka ɗaure shi kafin ya sha. Ya sa an cire duk famfunan gidansa. Idan Habibatu ta tsiyaya ruwa a buta, sai ya toshe kunne, don a cikin ƙarar yana jin ana tafi. Mutumin da ya ba unguwanni ruwa ya koma yin taimama a gindin katanga, randa cike a bayansa.

An buɗe Lambun Annashuwa ranar Sallah. Garin ya cika wurin, kamar yadda Paul ya faɗa.

Bayan Sallah da ɗan lokaci Roda ta zo gidan. Ta rame, ɗankwalinta a karkace. Ta ƙi zama.

"Baban Ni'ima, ban zo don na zarge ka ba," ta ce. "So nake ka raka ni wani wuri. Ina so na san ko ni kaɗai ce na haukace."

"Maman Christabel, kada ki ce na koma can."

"Kullum ina zuwa. Yau kaɗai nake roƙonka."

Habibatu ta riƙe masa hannun riga. Ya zame a hankali ya bi Roda.

Sun isa rana na faɗuwa, lokacin da ake kunna ruwan. Wurin ya cika maƙil. Ƙamshin gugguru da tsire, mata da sababbin atamfofi, samari sun ɗaga wayoyi sama. Yara suna gudu a cikin koramar suna watsa wa juna ruwa. Musaddiq ya ratse ta can nesa da koramar.

Roda ta kai shi wani lungu kusa da lilo, inda ake ganin tsakiyar kwarmin sosai.

"Jira shuɗiyar fitila," ta ce.

Kalangu ya fara. Zagayen waje ya tashi ya rusuna. Jama'a suka yi sowa. Na tsakiya ya harba sama, ja, sannan kore, sannan shuɗi.

Paul yana ciki.

A tsaye, can sama, da rigar aikinsa. Hannunsa ɗaya a miƙe kamar yadda ya miƙa wa Musaddiq. Bakinsa a buɗe. Ruwan yana lanƙwasa shi dama, yana lanƙwasa shi hagu, daidai da kiɗa.

Ruwan ya sauka, ya tafi da shi. Mutane suka tafa.

"Ka gan shi?" Roda ta tambaya, ba ta ɗauke ido ba.

"Na gan shi."

Ta sauke numfashi, kamar wadda aka ɗauke wa kaya. "Na nuna wa fasto, bai ga komai ba. Na ɗauka a waya, ruwa kawai ya fito. Ina ce masa yara suna lafiya. Ban sani ba ko yana ji."

Kiɗan ya sake zagayowa. Ruwan ya sake tashi.

Roda ta damƙi hannun Musaddiq.

"Wannan kuma wace ce? Jiya ba ta nan."

Paul ba shi kaɗai ba ne. A gefensa akwai ƙaramar yarinya, da rigar leshi ruwan ɗorawa da kitso mai jan ƙyalle. Idanunta a rufe.

Musaddiq ya sauke kai ya dubi bakin kwarmin. Ga ta can. Yarinyar, da ranta, da rigarta ruwan ɗorawa da jan ƙyallenta, ta kwanta a kan dakalin tayil tana miƙa hannu tana wasa da ruwa, tana dariya.

Ya kutsa cikin jama'a. Ya ture mai gugguru, ya taka ƙafar wata mata.

"Ku ɗauke yarinyar nan! Ku kashe ruwan! Don Allah ku ɗauke ta!"

Kiɗa ya haɗiye muryarsa. Kafin ya kai rabin hanya masu gadi suka tare shi. Sun san shi, an riga an nuna musu hotonsa.

"Injiniya, yi haƙuri. Zo mu je waje."

"Ga ta can! Mai rigar ɗorawa! Ku kira uwarta!"

"To, za a kira. Zo dai."

Suka ɗaga shi cak. Mutane suka buɗa musu hanya, wasu suna dariya, wasu suna cewa Allah ya sawwaƙe, wani yana ɗauka a waya. Ya yi ta waiwaye, amma kawuna sun rufe bakin kwarmin. Suka ajiye shi a waje, suka ja ƙofar ƙarfe suka sa sakata.

Ya kama sandunan ƙofar ya jijjiga har ƙarfinsa ya ƙare. Ya zame ya zauna a ƙasa.

A ciki kiɗan ya kai ƙarshe. Aka yi tafi mai tsawo. Hayaniya ta fara lafawa, iyaye suna tattara yara, ana neman takalma.

Sai ya ji muryar wata mata, a sake, ba ta da damuwa tukuna.

"Zakiyya, taho mu tafi gida."

Aka ɗan jima.

"Zakiyya?"